Sirdi a Shagon Aski

Damina na kankama, komai na gidanmu ya fara tsirar gashi. Takalmin da na ajiye a ƙarƙashin gado ya yi gemu, bel ɗin wandona ya yi furfura, ƙofar banɗaki ta kumbura, ba ta rufuwa sai an sa mata kafaɗa. Ni dai ban ƙi ba. Gyaran agogo na yi har idona ya gaji, kuma gilashin nan na ido ɗaya da muke leƙa cikin agogo da shi yana nan a aljihuna. In ka kafa shi a kan fumfuna sai ka ga wata ƙasa daban: daji, da fadama, da wasu 'yan itatuwa masu baƙaƙen kawuna a tsaitsaye kamar mutane suna jiran mota. Na sha yin wuni guda a kan takalmi ƙafa ɗaya ban gama zagaya shi ba.

Mijin yayata ne bai ga abin sha'awa ba. Tsinke ake ce masa tun zamanin da yake sukuwa, don in ya hau, daga nesa sai ka ɗauka dokin ne ya tsinke ba kowa a kai. Tun da Yaya ta rasu mu uku muka rage a gidan: shi, da ni, da wani tsohon doki mai suna Saura-Kiris. Sunan ba zagi ba ne, tarihi ne. Dokin nan bai taɓa cin tsere ba, bai kuma taɓa yin nisa da ci ba, kullum hancinsa na daidai wutsiyar na ɗaya. Tsinke ya ce ladabi ne ya yi masa yawa.

Yana da 'ya ɗaya, duba-gari ce. Aikinta shiga gidajen abinci da mayanka tana ɗaga murfi tana leƙa ƙarƙashin tebur. A barga ta tashi, ta san doki kamar yunwar cikinta, kuma ita take aiko da dusa da harawa duk wata. Bara, da uban ya zame a bakin famfo, ta zaunar da shi ta kafa masa sharaɗi a gabana: ranar da ya kasa hawan dokin nan, za ta miƙa dokin makarantar koyon hawa da ke bayan gari, shi kuma ya tattara ya koma wurinta, saman bene, inda ko akuya ba a yarda a shiga da ita. Tsinke ya yi dariya ya amince. Ya ce ranar da ya kasa hawa ai sai dai a zo da makara. Ni ba a yi maganata ba, ina jin cikin kayan ɗaki aka lissafa ni.

Makara ba ta zo ba, ƙugu ne ya zo. Ruwan farko na sauka, ƙugunsa na hagu ya ƙage. Tafiya yana yi, a karkace kamar ƙaguwa, amma ya ɗaga ƙafa ta kai likkafa, wannan ya gagara. Na gan shi da safe ya gwada daga kan bokiti, ya gwada daga kan dakali, dokin yana waiwayowa yana kallonsa kamar mai shagon da aka daɗe ana yi masa tayi ba a saya ba. Daga ƙarshe ya kwance sirdin ya mayar ɗaki, ya ce in na sake na faɗa wa 'yarsa zai zuba ruwa a akwatin agogunana.

Ɓoye ƙugu ba wuya. Takan yi makonni ba ta leƙo ba, in ta zo kuma sai ya zauna a kujera ya yi ta ba da umarni kamar yadda ya saba. Sirdi ne ba ya riƙe sirri.

Ɗakin kayan doki a gidanmu rufin kwano ne, da rana tanda, da asuba kwanon ya yi gumi yana ɗiga. Tsinke ya daɗe yana yaƙi da ɗakin nan. Buhunan dusa a kan katako suke, ba sa taɓa ƙasa, ba sa jingina da bango, akwai ratar da kyanwa za ta bi ta baya. Harawa tana sama a kan sanduna inda iska ke ratsawa. Kowace safiya sai ya cusa hannu cikin buhu har gwiwa ya ji ko ya ɗauki ɗumi, sannan ya ɗebi dusar ya watsa a baki ya tauna yana kallon rufi. In ya ji ɗaci-ɗaci ko warin tsohuwar rijiya, buhun ya tashi daga aiki. Linzami da ragama yakan bi su da busasshen tsumma ya rataye kowanne a ƙusarsa, wai in suka haɗa jiki gulma suke yi har su kamu. Ba ya shanya fata a rana. Ya ce rana tana kashe fumfuna ta haɗa da fatar, kamar likitan da ya warkar da ciwo ya binne mai shi.

Babban karatunsa dai guda ne: fumfuna malalaci take kamawa. Sirdin da ake hawa kullum, wando na goge shi, ɗumin jiki na busar da shi, ba ta samun wurin zama. In ya faɗi haka ni yake kallo, ya ce in duba bayan kunnena.

Ba a daɗe ba kuwa ɗigo-ɗigon kore suka fito a mazaunin sirdin. Ya goge, suka dawo da 'yan uwansu. Ya naɗe shi cikin leda ya ɗaure tamau, da ya kwance sai ya tarar sirdin ya jiƙe sharkaf kamar wanda aka kulle a mota, fumfunar kuwa ta yi aure har ta hayayyafa. Ya lafta masa mai, ashe girki ya yi mata. Kuma duk inda ya goge sai fatar ta bar dusasshen tabo. Ya san 'yarsa na ganin fatar nan ta dushe, ba sai an yi mata bayani ba.

Sai ya yanke cewa tunda shi ba zai iya zama a kai ba, a samu mai zama. Ya kwantar da wani tsohon duron ƙarfe a tsakar gida, ya ɗaura sirdin a kai, ya ce in hau. Na hau. Wuri ne mai daɗi, ana hango saman katangar maƙwabta, kuma ranar akwai wani gajimare mai siffar butar shayi da ya yi ta ƙoƙarin zama raƙumi. Da Tsinke ya dawo ya same ni yadda ya bar ni, ya ce zama ba motsi ai ajiya ne, ni ko a kan sirdi kaya ne. Ya sauke ni.

A shagon aski na bakin lungunmu dabarar ta zo masa. Yana jiran layi sai ya lura da bencin da ake zama: ƙyalli yake kamar an shafa masa zuma, alhali duk unguwa ta shaida mai askin nan bai taɓa goge komai ba ban da reza. Ɗuwawun jama'a ne suka yi aikin. Ga fanka tana juyawa wuni guda, ga ƙofa a buɗe, ga shi kujerar askin ƙarfe ya ɓullo mata a tsakiya, kowa a gefe ɗaya yake zama kamar mai maruru. Tsinke ya yi wa mai aski bayani a kunne. Mai aski mutum ne da ba ya ƙin abin da zai jawo surutu shagonsa. Kafin la'asar an mirgino duro, an tokare shi da bulo a gaban madubi, an ɗaura sirdi.

Na ga abubuwa a rayuwata amma ban ga kamar makonnin nan ba. Mutanen da ba su taɓa hawa ko jaki ba suka riƙa zuwa aski gashinsu bai tsiro ba. Mutum ya zura ƙafa a likkafa, a yafa masa ƙyalle a wuya, sai ka ga ya miƙe baya ya ɗaure fuska yana kallon kansa a madubi kamar mai shirin cin gari da yaƙi. Mai aski ya ce juya, ya juya, sunkuya, ya sunkuya, fata tana shan guga. Telan layinmu, dattijo mai jikoki, aka kama shi yana dungurin duro da dunduniya. Wani tsohon ɗan sanda ya ce shi a bar masa likkafa gajeru, haka ya saba, ko da yake kowa ya san keke aka ba shi. Amma gwarzon wurin mahauci ne. Mutum ne wanda in ya shigo shago sai haske ya ragu, kuma ya tsiri gyaran gemu kullum. In ya zauna sirdin yakan yi wani nishi, Tsinke ya runtse ido ya ce ba komai, nauyi shi ne gugar ƙwarai.

Saura matsalar dusa. Dokin da ba ya aiki ba a cika masa ciki, sai buhu ya ƙi ƙarewa, a wannan danshi kuwa buhun da ya daɗe a buɗe dunƙulewa yake yi. In 'yarsa ta ga ragowa za ta yi tambaya, in ta ga ta dunƙule za ta yi wa'azi. Sai Tsinke ya riƙa auna abin da doki zai ci da a ce ana hawansa, ya miƙa rarar ga matar mai aski ta ba kajinta. Kajin suka yi ƙiba suka yi ƙarfin hali. Zakaran ya fara bin babur. Ni na tsaya na duba, gudunsa ma ya canza, yana miƙa wuya gaba yana ɗaga ƙafa sama-sama.

Sirdin kuwa ya yi kyan da bai yi ba tun yana sabo. Tsinke yakan tsaya a ƙofar shago ya harɗe hannu a baya yana kallonsa, ya ce min in gani, ilimi ba a takarda kaɗai yake ba.

Wata safiya ta bugo waya ta ce tana tafe bayan azahar. Mahauci ya ɗauko sirdin a hammata kamar ɗan akuya, aka rataye shi a ɗakin kaya, Tsinke ya sa wandon hawa ya zauna a kujera ya ɗora ƙafa ɗaya a kan bokiti irin zaman wanda ya dawo daga nesa. Mahauci da mai aski suka ƙi tafiya, wai sun zo gaida doki.

Ta shigo da takalminta na aiki. Ta gaida uban, ta gaishe ni, ta tambaye ni ko har yanzu ina kiwon gemu a takalmi, ta wuce wurin doki. Ta shafa bayansa, ta ɗaga ƙafarsa ta duba kofato. Ta shiga ɗakin kaya, muka ji tana bubbuga buhuna. Sannan ta fito da sirdin ta aza a kan dakali, cikin haske.

Tsinke ya ce ta duba da kyau, sirdin da ake mora ke nan.

Ta ce lallai ana morarsa. Ta sunkuya ta shinshina, ta ce ba ta san doki ya fara shafa hoda da man gashi ba. Ta zare fil daga ɗankwalinta ta bi ɗinkin mazaunin a hankali, tana tara abin da ta tono a tafin hannu: gashi baƙi, gashi fari, da wani ja-ja wanda duk muka san rinin tela ne. Mai aski ya fara sha'awar wata ƙusa a bango. Sannan ta auna faɗin mazaunin da tafi biyu, ta dubi ubanta daga sama har ƙasa.

"Baba, yaushe ka yi ɗuwawu?"

Mahauci ya ja da baya har ya taka min ƙafa. Tsinke ya ce fata takan buɗe da damina, kowa ya sani.

Ba ta yi musu ba. Ta kama sirdin ta kifar da shi, cikinsa ya kalli sama.

Duk makonnin nan babu wanda ya tuna sirdi yana da ƙasa. Mu duka sama muke kallo, inda ake zama, inda ke ƙyalli. Ɓangaren da ke kwanciya a bayan doki yana can manne da duron ƙarfe, ƙarfen yana gumi kowace asuba, ba iska, ba haske, ba mai damu. Na ciro gilashina tun kafin in yi shawara da kaina. Ban taɓa ganin fumfuna irinta ba. Kore a gefe, toka-toka a tsakiya, ga wani rawaya yana gangarowa kamar kogi, har da wasu fararen zaruruwa da suka yi gada daga wannan tudu zuwa wancan. Na ce a bar ni da shi ko na wuni ɗaya ne. Ta ce, Kawu, matsa.

Ta ce wannan ba zai taɓa bayan dabba ba sai an wanke shi an busar a inuwa, in ma ya tsira. Tsinke ya gyara murya ya ce ai dalili ke nan, shi kwanan nan ba sirdi yake hawa, zallar baya, kamar yadda ya koya tun yana yaro. Ta ce to madalla, ga doki ga fili.

Tsinke ya miƙe, ya taka zuwa wurin dokin yana ƙoƙarin tafiya sosai, ƙugun yana mayar da shi gefe. Ya dafa wuyan dokin ya tsaya. Can ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, sharaɗin hawa aka yi, ba a faɗi ta yadda za a kai sama ba. Ta ce haka ne. Mahauci ya matso, ya sa hannu biyu ya ɗauke shi kamar tsumma, ya aza shi.

Abin da na gani daga nan shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan. Mutumin da ke tafiya kamar ƙaguwa, yana zama a bayan dokin nan sai komai nasa ya koma wurinsa. Bayan ya miƙe, kafaɗun suka sauka, yatsun suka kama igiyar ragama sako-sako. Bai ja igiya ba, bai motsa ƙafa ba, dokin ya ɗaga kunne ya fara takawa. Suka zagaya tsakar gida, suka wuce famfo, suka wuce igiyar shanya, suka dawo gabanta suka tsaya cak.

Sannan ta ce ya sauko.

Ya ce yana shan iska. Ta ce ya sauko ya sha a ƙasa. Ya gwada ɗaga ƙafar dama, ta hagu ta ƙi. Ya gwada ta hagu, zafi ya tsayar da shi. Ya zauna a nan, sama da mu duka, gumi na bin gemunsa, bai dubi kowa ba. Ya ce, a hankali, in za a kai dokin a bari sai ruwa ya ɗauke, kuma a gaya musu ba ya son a taɓa masa kunnen hagu.

Ta zauna a bakin dakali kusa da sirdin, ta cire takalmi ɗaya tana matsa ƙafa. Ta ce tun watan jiya ta sani. Masinjan ofishinsu ne ya zo aiki da sabon aski yana ba da labarin wani shago da ake yi wa mutum gyaran fuska a kan sirdi. Washegari ta je makarantar koyon hawa da hoton dokin a wayarta don ta cika alkawari.

"Sun ƙi karɓarsa, Baba. Ko kyauta."

Ta ce saboda haka ba ta da inda za ta kai shi, kuma dokin da ba mai so dole wani ya zauna da shi, sai su ci gaba da zama su ukun su ƙarasa tsufa tare. Sirdin ne za ta tafi da shi saman bene inda iska ke shiga. Likitan ƙashi kuwa jibi, ko ya taka ko mahauci ya kai shi a hammata.

Na ɗauka zai yi hamdala. Mai aski har ya fara washe baki. Tsinke ya sunkuyo daga kan dokin, ya tambaya wa ya ƙi.

Ta ce mai makarantar.

Ya ce wane irin mutum ne, ya taɓa hawan abin da ya fi kujera gudu? Ya san dokin da ake magana? Ya ce a buɗe masa ƙofa. Ta ce Baba, ka ci nasara, dokinka na nan. Ya ce ba a yi mutumin da zai ƙi Saura-Kiris ba, yanzu zai kai shi har ƙofar makarantar, su karɓa ko sun ƙi ko sun so, in sun roƙa ya hana su.

Haka muka fita lungu. Doki a gaba yana tafiyar mai zuwa ta'aziyya, mahauci a gefe ya riƙe ƙafar Tsinke kada ya zame, mai aski a ɗaya gefen, ni a baya, mutane suna leƙowa ta taga. Makarantar tana da nisan da ko mota sai ta sha mai. Muna kaiwa bakin titi dokin ya tsaya, ya dubi motoci, ya yi wani dogon numfashi, ya juya da kansa ya kama hanyar gida. Tsinke ya ce shi ya juya shi, ya tuna yanzu 'yan makarantar sun tashi.

Sai da mutum biyu suka ɓamɓare shi daga bayan dokin. Suka ajiye shi a kan bokiti, ƙafafun a buɗe yadda suke, sun ƙi haɗuwa. 'Yarsa ta kawo masa ruwa. Ya karɓa bai sha ba, ya ce ta faɗa masa abin da mutumin ya ce, baki da baki, kada ta rage komai.

Ta ce mutumin ya dubi hoton, ya tambayi shekaru, ya ce su makaranta suka buɗe, ba gidan gajiyayyu ba.

Tsinke ya jinjina kai ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya ce wane hoto ta nuna masa, ta gefen dama ta ɗauka ko ta hagu, don dokin nan ta hagu ba ya fita.